Sallamar Russell Wilson ba hutu ba ce ga Denver

Wani marubuci ya ce ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Denver Broncos ta huta da ta sallami ɗan wasanta Russell Wilson a Maris 2024, amma ya tsallake lissafin. A NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ana rarraba kuɗin sa hannu ne a kan shekarun kwantiragi; da zarar ka kori ɗan wasa, ragowar da duk abin da ka lamunce masa sai su hau kan iyakar albashinka, wato iyakar kuɗin da aka yarda ƙungiya ta kashe kan 'yan wasa a shekara. Dala miliyan 85 Denver ta ɗauka, 53 a 2024, 32 a 2025, ƙungiyar Pittsburgh Steelers kuwa ta same shi a kusan miliyan 1.2. Kai mai cewa an yar da ƙwallon mangwaro, ina damar zaɓi biyu na zagayen farko, a zaɓen sababbin 'yan wasa, da Denver ta miƙa wa ƙungiyar Seattle Seahawks a 2022 don ta samo Wilson?