Taimakon ambaliya ba ya ƙarewa da janyewar ruwa

Mutane da yawa na ɗauka cewa da ruwa ya janye, an gama da tallafi. Ba haka ba ne. Bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, mutanen Maiduguri sun yi ta dafa abinci suna kaiwa sansanoni, kuma sun kyauta. Amma sai a watan Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara, domin ruwa ya haɗe rijiyoyi da masai. Ga gidajen ƙasa da suka jiƙe suna ta ruftawa, ga ƙananan 'yan kasuwa da jarinsu ya tafi. Saboda haka masu tara gudummawa a masallatai da unguwanni su riƙa ware wani kaso don gyaran rijiyoyi, siminti da jari.