Daga Bagauda Zuwa Kaskon Ƙosai

A farkon shekarar 2023 kawuna ya tashi daga gidan da ya daɗe yana haya a Zariya ya koma ƙauye, kuma da yake ni aka sani a dangi da son takarda, sai aka ɗora mini akwatinsa na ƙarfe cike da littattafai a matsayin rabona, alhali wasu sun tashi da firji, wasu da keken ɗinki. A cikin akwatin akwai tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da suka yi ja saboda tsufa, da littattafan lissafi na zamanin fam da sule da kwabo, da kuma wani ƙaton littafin tarihin Kano wanda ya rabu da bangonsa tun kafin a haife ni. Shi na zaɓa, na kuma sanar a gida cewa zan sauke shi kafin azumi. Uwargida ta ce, "Allah ya ba da iko, Malam," da irin muryar da take amsa mini duk ranar da na ce zan gyara famfo da kaina.

A gida irin namu, mutumin da ya buɗe littafi mutum ne da ba shi da aikin yi. Idan waya kake latsawa ana ɗaga maka ƙafa, domin mai yiwuwa ciniki kake ƙullawa ko sanarwar rasuwa kake dubawa, amma da zarar an gan ka a kan tabarma da littafi, to an samu ɗan aike. "Tunda dai zaune kake" ita ce jimlar da na fi ji a watan Janairu, kuma bayanta ake jero gawayi, da niƙa, da rakiyar yaro wurin mai aski. Har watan ya ƙare ban sauko daga kan dutsen Dala ba, ina nan tare da Barbushe da Tsumburbura, Bagauda bai ko iso ba.

Wanda ya taimaki karatuna a shekarar, ba tare da ya sani ba, shi ne Babban Bankin Najeriya. Da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu, tsohon kuɗi ya shige banki sabon kuma ya ƙi fitowa, sai layin banki ya zama wurin zaman kowane magidanci. A nan babu mai aiken ka, domin kowa yana gadin gurbinsa ne. Nakan yi asuba, in karɓi lamba daga hannun mai gadi, in jingina da katanga in buɗe littafin Kawu. A wannan layin Bagauda ya zama sarki, Gijimasu ya fara ginin ganuwa, Wangarawa suka iso a zamanin Yaji, har na kai ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da har yau ake kira da sunansa, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Wani dattijo da ke bayana ya daɗe yana leƙen takardun, ganin yadda suka yi ja ya ɗauka kundi ne, sai ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, idan akwai laƙanin fitar da kuɗi a ciki, a taimaka wa bayin Allah." Na ce masa tarihi ne, Baba. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya san malamai ba sa fitar da asiri a bainar jama'a. A ranar nan aka kira lambata ina tsakiyar kasuwar Kurmi, kafin in fito daga cikinta har an wuce ni, dattijon kuwa ya shiga ya fito da naira dubu biyar sababbi fil, ya damƙe hannuna ya ce ya ga aiki.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, na ajiye tarihi na koma ga Alƙur'ani da sauraron tafsiri kamar kowa. Littafin bai huta ba. Zaren ɗinkinsa dama ya ruɓe, zafin bazara ya ƙarasa shi, ya rabu kashi-kashi, kuma yara suka gano cewa kowane kashi mafici ne mai kyau idan an ɗauke wuta. Bayan sallah wani maƙwabcina ya zo barka da shan ruwa, ya ɗauki kashin tsakiya ya ce, "Ba ni in leƙa, gobe zan aiko yaro da shi." Har yau goben ba ta yi ba, kuma duk lokacin da muka haɗu a masallaci sai ya riga ni gaisuwa, ya tsawaita ta har a tayar da iƙama. Ta haka na yi tsalle daga Rumfa na dira a kan Ibrahim Dabo a 1819, na ƙetare yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, da hare-haren Kwararrafa, da jihadi baki ɗayansa, ban ji ko ƙarar kibiya ba.

Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Janaretanmu ya yi ritaya a bayan ƙofa, aka ɗora masa kwandon albasa. Karatu ya koma na fitilar waya, a cikin damina, lokacin da duk ƙwaron da ke unguwa yake neman inda haske yake. Ni ina riƙe da waya a hagu, littafi a kan gwiwa, dama tana kora. Uwargida kuwa tana gefe da tata wayar, tana karanta labaran nan da marubuta ke saki shafi-shafi a zaurukan WhatsApp ga wanda ya biya 'yan ɗaruruwan naira, ba ta buƙatar fitila, ba ta buƙatar gwiwa. Ta gama wannan ta kama wancan. Wani dare ta ɗago ta ce, "Malam, wai har yanzu ba ka fita daga Kano ba? Ni daga sallah zuwa yau na je Dubai, na je Istanbul, an ɗaura aure an saki an mayar." Na ce mata tarihi ba a yi masa gaggawa. Ta ce ta lura.

Duk da haka, wajen ƙarshen damina na iso wurin da littafin ya fi daɗi, wato yaƙin basasa. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice daga birni a ƙarƙashin Yusufu suka yi sansani a Takai. Yusufu ya rasu a Garko, ƙaninsa Aliyu ya karɓi jagoranci, runduna ta juyo ta fuskanci Kano. A daidai nan kashin da ke hannuna ya ƙare. Na tashi in ɗauko na ƙarshe a cikin akwati, na tarar babu shi. Kowane Bakano ya san yadda abin ya ƙare, ni ma na sani, amma jin labari a bakin mutane daban, bin dawakai a takarda har bakin ganuwa daban. Na tara gida na yi tambaya. Uwargida ta ce ita ba ta taɓa abin da ba ya caji. Yara suka kalli juna, suka kalli rufin ɗaki, autansu kuma ya ce yana jin fitsari.

Amsa ta zo da kanta, da safe, a kan faranti. An sayo ƙosai a wurin Iyar da ke suya a bakin layinmu, ina warware ƙunshin sai idona ya faɗa kan kalmar Tafashiya, garin da aka kashe Tukur a 1895, tana ninƙaya a cikin mai. Ashe babban ɗana ne ya ƙulla yarjejeniya da Iya tun cikin damina: shi yana kai takarda, ita tana ƙara masa gyara. Da na tsare shi, ya ce, "Abba, ai na ga ba ka zo wurin ba tukuna."

Daga ranar na zama mai sayen ƙosai da kaina, abin da unguwa ta fassara da cewa akwai rikici a gidana. Karatun ƙosai yana da nasa sharuɗɗan. Iya ba ta bin lambar shafi, abin da hannunta ya kai shi take yagowa, saboda haka a karatuna na ranar Talata jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a na Laraba Turawa suka ci garin a Fabrairun 1903, sannan a na Alhamis Aliyu ya shiga birni a 1894 ya zama sarki, bayan na riga na karanta an kai shi Lakwaja. Ga shi kuma idan mai ya ratsa takarda, rubutun gaba da na baya sukan haɗu su zama ɗaya, sai ka ɗaga shafin sama ka rufe ido guda kana tsintar haruffa, yaji yana zubo maka a gaban riga. Idan na sayi na ɗari in samu rabin shafi, idan ina son cikakke sai na ɗari biyu, kuma ba a karɓar tiransifa. Ban taɓa sanin tarihi yana sa ƙiba ba sai da telana ya sake gwada ni a watan Nuwamba ya yi shiru.

A ƙarshe na cire kunya na durƙusa gaban kasko na ce, "Iya, takardun nan na gado ne, a sayar mini da sauran." Ta ci gaba da juya ƙosanta ta ce, "Ɗan nan, ai ba a samun irinsu yanzu. Takardun zamani santsi gare su, ba sa shan mai. Wannan kuwa ta san aikinta." Ban taɓa jin wanda ya yabi littafin Kawu da gaskiya irin haka ba. Muka yi ta ciniki har muka daidaita a kan zan kawo mata tsofaffin littattafan lissafin nan na fam da sule a madadi, tunda su ma takardar da ce. Na kawo, ta gwada shafi ɗaya da ƙosai mai zafi, ta gamsu, ta jawo kwalinta ta miƙo mini abin da ya rage. Shafuka ne 'yan kaɗan, mafi yawansu jerin sunayen hakimai. Na tambayi sauran, ta ce ai ta raba biyu tun tuni ta ba ɗan ƙanwarta, mai tsiren nan na bakin titi, domin shi ma takarda ta yi masa tsada.

Tsinken tsire a Disambar 2023 ba abin da albashi ke yi wa wasa ba ne, kuma mai tsire ba ya naɗe tsinke ɗaya a shafi guda. Na zauna da biro ina lissafin ko tsinke nawa ne tsakanina da dalar gyaɗa, sai uwargida, wadda duk shekara ba ta taɓa tambayar inda Sarki Abbas, magajin Aliyu, ya kwana ba, ta ajiye wayarta ta ce ilimi ba a yi masa rowa. "Ka je ka ƙarasa karatunka, Malam," in ji ta, "amma ka ce ya sa ƙuli da yawa, kuma a haɗo da albasa."