Kafin ka zuba jari, ka fara sanin nawa za ka iya rasawa

Jama'a, akwai shawarar da ake yawan ba mai son fara ƙaramar sana'a wadda ba na jin daɗinta ko kaɗan: "Cire tsoro kawai ka faɗa." Mutum ya yi shekara uku yana matse bakin aljihu, ga iyali a wuyansa, sai a ce ya rufe ido ya yi tsalle. Wanda ya zuga shi ba zai taya shi biyan bashi ba ranar da abin ya ƙi.

Tsoron nan yana da tushe. Tun 1979 masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar ɗan Adam, a 1992 kuma suka kiyasta cewa ya ɗan haura ninki biyu. Haɗarin ma gaskiya ne. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan 1 cikin 5 na sababbin kasuwanci kan rufe a shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara 5. Amma a duba ɗaya gefen: 4 cikin 5 suna tsallake shekarar farko.

A ganina, abin da ke hana mutum barci shi ne asarar da bai san iyakarta ba. In ka yi mata iyaka da hannunka, tsoron zai koma daidai girmansa. Saras Sarasvathy ta Jami'ar Virginia ta nazarci gogaggun masu kafa kasuwanci, ta ga cewa da yawansu abin da za su iya jure rasawa suke fara lissafawa, kafin ribar da suke fata. Kai ma yi haka. Ware kuɗin ci da haya na wata 3 zuwa 6, ka haramta wa sana'ar su. Abin da ya rage ka raba shi uku, ka shiga da kashi ɗaya. In ya tafi, kana da damar sake gwadawa sau biyu, kuma da ilimin da ba ka da shi a farko. Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne: wanda ya rasa rabin jarinsa sai ya ninka abin da ya saura kafin ya dawo inda yake. Don Allah kada ka ci bashi ko ka jinginar da muhallinka a gwajin farko, kuma in kana da aikin albashi kada ka ajiye shi tukuna.

Da wannan kashi ɗayan, saro guda 20 kacal, ko da dillali ya ce in ka ɗauki 200 zai yi maka ragi. Ragin nan tarko ne ga sabon shiga, don kayan da suka yi kwantai sun fi tsadar sari ciwo. Kuma ka sayar wa waɗanda ba su san ka ba. Ɗan'uwa zai saya don kara, aboki zai ce "kai, wannan zai yi kasuwa" hannunsa na cikin aljihu. Wanda ya ciro kuɗi, ya dawo karo na biyu ba tare da ka kira shi ba, shi ne shaidarka. In aikin hannu kake yi, karɓi kafin alƙalami kafin ka sayi kayan aiki.

Yanzu ga wurin da nake so a zauna da biro da takarda, da kowane irin kuɗi kake lissafi. A ce kana saro abu a 20 ka sayar a 25. Da yawa nan suke tsayawa su ce ribarsu 5. A'a. Cire 1 na dako da abin ƙunshi. In a kowane 20 guda ɗaya yana lalacewa ko ya fashe, wannan ma kusan 1 ne a kan kowane guda. Saura 3. To, in haya da wuta da kuɗin waya suna cin 300 a wata, sai ka sayar da guda 100 kafin ka fara ganin naka. A kwana 26 na aiki, guda 4 ke nan kullum. Ka ga tambayar ta sauya. Da kana tambayar kanka "zan yi nasara kuwa?", abin da ba wanda zai iya amsa maka. Yanzu tambayar ita ce ko za ka samu mutum 4 a rana, kuma wannan mako biyu sun isa ka gano.

Sai bashi, wanda ke karya sana'a ana tsaka da ciniki. Ka sayar da guda 100 ɗin nan, amma 30 a kan "zan kawo gobe". Abin da ke hannunka 1,750 ne, sabon sari kuma yana neman 2,000. A littafi ba ka yi asara ba, a kasuwa ba ka iya cika shago ba. Sabon ɗan kasuwa yana ba da bashi ne don tsoron kada mai saye ya gudu, alhali wanda ya ci bashinka shi ne ke fara canza hanya. A wata ukun farko, ko dai babu bashi gaba ɗaya, ko kada ya wuce 1 cikin 10 na cinikinka. Haka cin uwar kuɗi: yau a zari na cefane, gobe na magani, ba a rubuta ba. Yanka wa kanka albashi komai ƙanƙantarsa, ka raba aljihun gida da na sana'a.

Akwai wata dabara da masanin halayya Gary Klein ya bayyana a 2007, ina ganin amfaninta sosai ga mai fargaba. Ka ɗauka shekara ta zagayo kuma sana'ar ta riga ta mutu, sai ka rubuta abin da ya kashe ta. Za ka ga dalilan ba su da yawa: wurin ba mutane, mai kawo maka kaya ɗaya ne tal, farashi ya tashi ba ka ƙara ba. Kowanne ka rubuta maganinsa a gefe.

Na san wasu ba kuɗin ne damuwarsu ba, bakin mutane ne. Tsoro na daji, kunya na gida. Wannan ma ƙaramin farawa yana rage shi, don ba wanda ke zaman gulmar guda 20 da ba su shige ba. Bar shela da babban allo sai ciniki ya zauna.

Tun ranar farko ka rubuta sharaɗin tsayawa, lokacin da kanka yake a sanyaye. Misali: bayan kwana 90, in ciniki bai kai rabin guda 4 ɗin nan a rana ba, ko kashin da na shiga da shi ya ragu da rabi, zan dakata. In ranar ta zo, kada ka taɓa kashi na biyu don ceto na farko. Karyar da ragowar kayan ko a kuɗin sari ne, ka buɗe littafinka ka ga wane kaya ne ya fi fita, wace rana, wa ke saye, sannan ka yanke ko farashi za ka canza, ko wuri, ko kayan gaba ɗaya.