Janar Giap da ranar da ya ce a mayar da igwa baya

Duk mai yabon Janar Vo Nguyen Giap da ranar 7 ga Mayu 1954 yake farawa, ranar da sansanin Faransa na Dien Bien Phu, a arewacin Biyetnam, ya faɗi a hannunsa. Ni a ganina ranar da ta fi cancanta a riƙe ita ce 26 ga Janairu na wannan shekara. Da safiyar ranar ya tara manyan hafsoshinsa, ya soke harin da aka shirya kaiwa da yamma, ya ce igwogin da sojoji suka yi dare da dare suna ja da igiya a kan duwatsu a janye su a mayar inda aka ɗauko su. Wanda bai fahimci dalilin wannan umarni ba, bai san yadda aka ci yaƙin ba, komai yawan hotunan kekunan dakon abincin sojoji da ya gani.

Mutumin nan bai taɓa shiga makarantar horon hafsoshi ba. An haife shi a 1911 a ƙauyen An Xa, lardin Quang Binh, a tsakiyar Biyetnam. An kore shi daga makarantar Quoc Hoc ta birnin Hue saboda yajin ɗalibai, Faransawa suka ɗaure shi a 1930, ya fito ya karanta lauya a Hanoi, ya kama koyar da tarihi a makarantar Thang Long, yana rubutu a jaridu a gefe. A 1940 ya tsallaka Sin ya haɗu da Ho Chi Minh, jagoran 'yan gurguzun Biyetnam. Matarsa da ya bari a gida, Nguyen Thi Quang Thai, a kurkukun Hoa Lo ta rasu, yayarta kuma Faransawa suka harbe ta a 1941. Masu mamakin taurin zuciyarsa su tuna da wannan.

Rundunar da ya kafa ranar 22 ga Disamba 1944 mutum 34 ce, maza 31 mata 3. Makamansu libarba 2, bindigogi 17, bindigar toka 14 da mashin-gan guda. Bayan kwana uku suka shiga ƙaramin barikin Phai Khat sanye da kakin 'yan doka na gwamnatin mallaka, kashegari suka yi haka a Na Ngan, suka kwashe makamai. Shekara goma ba ta cika ba wannan ƙungiya ta zama runduna mai igwa da bindigar kakkaɓo jirage. Amma ba da sari-ka-noƙe kaɗai aka kai nan ba, kuma masu cewa manoma ne da hannu banza suka kori Faransa suna rage wa labarin gaskiya. Sai da Mao ya karɓe Sin a 1949 iyaka ta buɗe, makamai da masu ba da shawara suka shigo. A 1950 Giap ya murƙushe Faransawa a kan hanyar RC4, tsakanin Cao Bang da Lang Son, suka gudu suka bar masa rumbunan harsashi.

Nasarar ta hau masa kai. A 1951 ya sauko da rundunoninsa fili, cikin fadamun kogin da ya ratsa Hanoi, ya kai hari sau uku: Vinh Yen a Janairu, Mao Khe a Maris, bakin kogin Day a Mayu da Yuni. Janar de Lattre ya tare shi da igwa da jirage da bam mai ƙona jiki, sojojinsa suka mutu dubbai, ko ɗaya bai ci ba. A ƙarshen 1952 ya sake gwadawa a Na San, wani sansani da Faransawa suka kafa a cikin duwatsu suna ciyar da shi ta jirgin sama. Ya tura mutane gaba-gaɗi kan waya mai ƙaya, aka karkashe su, ya janye.

Na San ce ta haifi Dien Bien Phu, domin kowane ɓangare ya ɗauki darasinsa daban. Janar Navarre, da ya karɓi jagorancin sojojin Faransa a Mayun 1953, ya fahimci cewa in ka kafa sansani mai ƙarfi da filin jirgi, Giap zai zo ya fasa kansa a jiki. Giap kuwa ya fahimci cewa irin wannan sansani ransa a filin jirgin yake, kuma ba a kashe filin jirgi sai da igwa a kan tudu. Navarre ba wawa ba ne, kamar yadda wasu ke zana shi. Yana son tare hanyar Laos, lissafinsa kuma yana da kan gado: kwarin Dien Bien Phu yana da nisan kilomita wajen 300 daga Hanoi ta sama, babu hanyar kirki, saboda haka abokin gaba ba zai iya kawo manyan bindigogi ba, in ya kawo ba zai iya ciyar da su da harsashi ba, in ya harba kuma za a gano inda suke a ragargaza su. Ranar 20 ga Nuwamba 1953 sojojin laima suka sauka. Kwarin kamar akushi yake, tsawonsa kilomita wajen 18, faɗinsa 6 zuwa 8, Faransawa a gindi, duwatsu a baki. Suka kawo igwa 24 masu bakin milimita 105, guda 4 masu 155, da tankoki 10 da aka kwance aka shigo da su ta jirgi aka sake ɗaurawa. Kanar Piroth, mai kula da igwa, ya ba manyansa tabbacin cewa bindigar da duk ta yi magana daga tudu zai rufe mata baki.

Matsalar Giap ta farko shinkafa ce. Mayaƙa wajen 50,000 zai tara a wurin da ba ya noma abin da zai ciyar da su, abincin kuma daga lardunan da ke ɗaruruwan kilomita nesa, irin su Thanh Hoa, zai fito. Yi lissafin da kanka. Ɗan dako da ke tafiya a ƙasa ba ya wuce kilo 20 zuwa 25, da dare yake tafiya saboda jirage, kuma daga kayan da ke kansa zai ci, zuwa da dawowa. In tafiyar ta kai makonni, abin da zai sauke a bakin daga bai taka kara ya karya ba. Amfanin keke ke nan. Ba hawa ake yi ba, turawa ake yi. A ƙara wa firam ɗin ƙarfi da katako ko ƙarfe, a ninka taya, a ɗaura gora a kan keken don mai turawa ya iya juya shi yana gefe, a kafa wata sanda a wajen sirdi don riƙe nauyi da tokarewa a gangara. Keke ɗaya ya ɗauki kilo 200, wasu sun haura 300, cikin mai turawa kuwa ɗaya ne. Lissafin Biyetnam ya nuna kekuna kusan 21,000, 'yan dako sama da 260,000, shinkafa tan wajen 25,000. Ba a faye ambaton manyan motoci sama da 600, yawanci ƙirar Rasha, waɗanda su ne suka ɗauki kaya masu nauyi a kan hanya mai lamba 41. Jiragen Faransa sun yi ta ruwan bam a mahaɗar Co Noi da hawan Pha Din, ana fasa hanya da rana, ana cike ta da dare.

Inda mota ta tsaya, hannu ya karɓa. Igwa mai bakin 105 ta haura tan biyu. An sare sabuwar hanya ta kilomita wajen 15 a cikin kurmi, mutum gommai a igiya ɗaya, ana ja taku-taku, wasu na biye da katako suna tokare taya kada ta koma. An ƙiyasta dare uku, aka yi mako ba a gama ba. Shirin da aka amince da shi a tsakiyar Janairu shi ne a afka wa sansanin gaba ɗaya a gama cikin dare uku da yini biyu. Aka sa ranar 20, aka ɗaga zuwa 25, aka sake ɗagawa zuwa 26.

Abin da ya hana Giap barci abu uku ne. Sojojinsa ba su taɓa cin sansanin da ya wuce na bataliya guda mai ƙarfi ba, ga shi nan akwai sama da goma. Ba su taɓa haɗa igwa da sojan ƙasa a babban yaƙi ba. Kuma da dare suka saba faɗa, a inda akwai maɓoya, alhali nan fili ne fetal da rana tsaka, ga tanka ga jirgi. Bugu da ƙari, igwogin da aka sha wahalar kawowa a sarari suke zaune, ba rami ba rufi, daidai yadda Piroth yake fata. Ho Chi Minh ya riga ya gaya masa kada ya yi faɗan sai ya tabbata zai ci. Hafsoshinsa sun ƙi, suka ce zuciyar sojoji ta riga ta ɗauki zafi, janyewa zai karya ta. Ya tambaye su ko akwai mai tabbacin nasara ɗari bisa ɗari, aka rasa. Marubutan Sin suna ba nasu masu ba da shawara, ƙarƙashin Wei Guoqing, kaso mai tsoka a wannan hukunci, na Biyetnam suna ba Giap. Ko wa ya fara furtawa, wanda sunansa zai ɓaci in abin ya lalace shi ne ya sa hannu. Mayar da bindigogin ya fi kawo su wuya. A nan ne Tô Vinh Dien ya mutu yana tokare wata bindigar kakkaɓo jirage da ta kuɓuce a gangara. Don kada Faransawa su gane, aka tura runduna ta 308 ta nufi Luang Prabang kamar an fasa.

Makonni shida da suka biyo baya haƙa aka yi. Ƙa'idar masu igwa ita ce a ɓoye bindiga a bayan tudu a riƙa harbawa ta sama. Giap ya sa aka haƙa wa kowace ɗaki a cikin jikin dutsen, aka rufe da gungume da ƙasa mai kauri, aka bar ƙaramar kafa da ke duban kwarin. Illar wannan ita ce bindiga ba ta juyawa sosai, abin da ke gabanta kawai take duka. Amma abin da ke gabanta shi ne filin jirgi. Aka kuma gina wuraren bogi ana tayar da nakiya a ciki don jirage su ɓata bam.

Ranar 13 ga Maris da misalin ƙarfe biyar na yamma aka buɗe wuta. Tungar Béatrice ta faɗi a daren, bayan harsashi ya kashe kwamandanta tun farkon faɗan. Gabrielle, wadda sojojin Aljeriya ke riƙe da ita, ta bi ranar 15. Piroth ya harba dubban harsasai bai rufe bakin kowa ba, ya shiga ɗakinsa ya kashe kansa da gurneti. Kafin Maris ya ƙare jirgi ya daina sauka. Daga nan komai sai ta laima, bindigogin milimita 37 kuma suka tilasta wa matuƙa yin sama sosai, kaya suka riƙa faɗawa hannun Viet Minh, wato mayaƙan Giap, har da harsashin 105 da ya dace da igwoginsu, tunda su ma ƙirar Amurka ne da Sin ta ba su yawancinsu.

Kada a ɗauka daga nan abin ya zo da sauƙi. Harin 30 ga Maris a kan tuddan gabas ya ci mutane ƙwarai, tudun da Faransawa ke kira Eliane 2, su kuma A1, ya ƙi faɗuwa. A Afrilu ruwa ya sauko, ramuka suka cika da laka, raunuka suka ruɓe, wasu sojoji suka fara ƙin umarni, har sai da jami'an jam'iyya suka shiga yi musu huɗuba da horo. Giap ya sake rage gudu. Aka koma haƙa gwalalo da dare, ana matsowa mita-mita, ana zagaye tunga ɗaya a yanke ta daga 'yan'uwanta kafin a taɓa ta, har aka raba filin jirgin biyu. A ƙarƙashin A1 aka haƙa rami aka cusa nakiya kusan tan guda, aka tayar da ita daren 6 ga Mayu. Kashegari da yamma aka kama kwamandan sansanin, de Castries, a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Ranar 8 aka fara zancen Indochina a taron Janeba, a Yuli aka raba Biyetnam biyu, Arewa da Kudu, a layi na 17 na taswira.

Mu nan Afirka muna da jini a ɓangaren da aka ci. Ban da 'yan Aljeriya akwai bataliyar Maroko, akwai 'yan Afirka ta Yamma a cikin masu harba igwa. Lamizana na Upper Volta (Burkina Faso ta yau) da Bokassa na Afirka ta Tsakiya, waɗanda daga baya suka shugabanci ƙasashensu, duk sun yi aikin soja a Indochina. Wata shida bayan faɗuwar sansanin, ranar 1 ga Nuwamba 1954, Aljeriya ta ɗauki makami.

Ban yarda da masu mayar da Giap waliyyi ba. A 1946, yana riƙe da harkokin tsaro, shi ya jagoranci murƙushe jam'iyyun 'yan kishin ƙasa da ba 'yan gurguzu ba, mutanen da su ma Faransa suke yaƙa. Rai bai yi masa tsada ba a 1951. A Dien Bien Phu Biyetnam ta ce ta rasa mutum wajen 4,000, Faransawa suka ce ninkin haka ne. Fursunoni sama da 10,000 aka kora a ƙasa ɗaruruwan kilomita, da raunuka da atini, waɗanda aka mayar wa Faransa bayan wata huɗu ba su wuce 3,300 ba sosai. Wannan ma aikin rundunarsa ne, kamar yadda kekunan suke nata.

Jam'iyyar gurguzu da ya yi yaƙi dominta ba ta bar shi ya sake ba. A 1956 shi aka tura gaban jama'a ya karanta amincewa da kurakuran rabon gonaki, wanda aka kashe mutane da yawa a cikinsa. A yaƙin Amurka manyan jam'iyyar, Le Duan da Le Duc Tho, suka danne shi. Lokacin da ake kammala shirin harin Tet, babban farmakin 1968 a Kudancin Biyetnam, yana Hungary, kuma Van Tien Dung ne ya ja rundunar da ta shiga Saigon a 1975. An karɓe ma'aikatar tsaro daga hannunsa a 1980, aka cire shi daga kwamitin ƙoli na jam'iyya a 1982, daga baya aka ba shi shugabancin hukumar ƙayyade iyali. Yana da shekara kusan 98 yana rubuta wa gwamnati wasiƙu kan ta dakatar da haƙar ma'adinin bauxite a tsaunukan tsakiyar ƙasar, ba ta saurare shi ba. Ya rasu a Hanoi ranar 4 ga Oktoba 2013 yana da shekara 102, aka kai shi lardinsu na Quang Binh aka binne a Vung Chua, bakin teku.