Gidan da ke gasa mai shi

Ranar da na je duba ɗakin da nake haya yanzu a Freiburg, kudancin Jamus, tun kafin in ga kicin matar da ke kula da gidan ta miƙo mini wata takarda mai zane daga kore zuwa ja. Doka ce a nan: duk mai ba da haya sai ya nuna wa ɗan haya yawan makamashin da gidan ke ci a shekara. Na tsaya da takardar a hannu ina tuna yadda muke kama haya a Kano. Ka bi dillali, ka tambaya ko akwai ruwa, ko layin na samun wuta, nawa ne kuɗin shekara. Ban taɓa jin wanda ya tambayi ta ina rana ke dukan ɗakin ba, alhali ita ce za ta hana shi barci wata uku na bazara.

Kusa da inda nake akwai unguwar Vauban. Barikin sojan Faransa ce a da, suka tashi a 1992, gari ya mayar da ita unguwar mutum sama da 5,000. Da yawa daga gidajenta an gina su bisa tsarin da ake kira Passivhaus, wanda wani masanin kimiyya Bajamushe, Wolfgang Feist, ya fara ginawa a garin Darmstadt a 1991. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: a yi bango mai kauri wanda zafi ko sanyi ba ya ratsa shi da sauƙi, a sa gilashi ninki uku a taga, a lura da inda gida zai fuskanta tun daga aza harsashi. Su sanyi ne abokin gabarsu, amma lokacin zafi ma, da rana ta ɗaga sai ka ga an sauke marufin tagogi ta waje, sai dare ya yi a buɗe iska ta shiga.

Bara da azumi na je gida. Yayana ya kammala gininsa a wata sabuwar unguwa a bayan gari, kuma wallahi ya kashe kuɗi. Bulo inci shida, rufin kwano mai sheƙi, manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, tsakar gida an shafe ta da siminti har bakin ƙofa. Darbejiya biyu da ya tarar a filin an sare su saboda wajen ajiye mota. Ƙarfe ɗayan dare aka ɗauke wuta. Na dafa bangon ɗakin da aka sauke ni, sai na ji shi da ɗumi kamar bayan tukunyar da aka sauke ba da jimawa ba. Muka kwashi tabarmi muka fito waje, simintin ma yana huci. Yara na kuka, matarsa na yi musu fifita da murfin kwali. Na ce, "Yaya, wa ya ba ka shawarar tagogin nan?" Ya ce haka kowa ke yi yanzu.

Kwana biyu bayan nan na shiga cikin gari gaida gwaggona. Ɗakinta soro ne na tubali da azara, bangon ya kai kamu ɗaya da rabi a kauri, 'yar taga a can sama. Ƙarfe biyun rana ne, amma ina shiga na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Kaurin ƙasar ne ke shanye zafin yini, ba ya isowa ciki sai dare ya raba, lokacin da gari ya huce. Abin da injiniyoyin Jamus ke lissafawa da kwamfuta ke nan, maginanmu sun san shi da hannu. Zaure yana tare ƙura da rana, tsakar gida tana jan iska, makuba tana kare yaɓe daga ruwa, indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Mutanen da suka gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da waɗanda suka bar mana tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba lalube suke yi ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, gara na cin azara, kuma kowace damina muna jin labarin gidan da ya rufta da mutane. Ga shi ido ya riga ya ɗauka cewa laka ta talaka ce; da wuya a ba ka 'ya idan ka ce ɗakin ƙasa za ta zauna. Amma an riga an nuna mafita, kuma ba a Turai ba. A Yamai, mai zanen gini Mariam Issoufou da abokan aikinta sun kammala gidaje shida masu bene a 2016, aikin da ake kira Niamey 2000. Da bulon ƙasa da aka matse a inji suka gina su, siminti kaɗan a inda ya zama dole, kowane gida da tsakar gidansa da inuwarsa. Francis Kéré, mai zanen gini na Burkina Faso, da makarantar da aka gina da ƙasa ya fara a ƙauyensu Gando, ya ɗaga rufin kwano sama da ɗakunan don iska ta ratsa tsakani, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mai gina gidan haya ba shi ne zai kwana a ciki ba. Ya zaɓi mafi arha, ɗan haya kuma ya biya sauran da man janareta da rashin barci. Da hukumomin tsara birane za su duba inuwa da iska da kaurin bango kamar yadda suke duba takardar fili, da an rage wannan wahala ba tare da an ƙara wa kowa kuɗi mai yawa ba.

Ina da ɗan fili da nake tara kuɗin ginawa. Na riga na faɗa wa Yaya: bishiyar da ke ciki kada a taɓa ta, bangon yamma ba taga, kuma a nemo mini maginin da ya iya bulon ƙasa, ko daga Yamai za a ɗauko shi.