Wai turke zalunci ne

Ƙarfe shida da 'yan mintuna na asubahin wata Talata, cikin sanyin Fabrairu, wayata ta yi ƙara. Matar da ke da bargar ce. Ko gaisuwa babu, ta ce dokina ya fita yana bakin titi, in zo yanzu-yanzu.

Na ce dokina, amma ba nawa ba ne ni kaɗai. Na wata ma'aikaciyar jinya ne, ni kuma kwana uku a mako nake da su a kansa: in biya wani abu, in hau, in kwashe kashi. Ran Litinin da yamma ni na kai shi fili, don haka ba wanda za a nema sai ni.

Bari in kwatanta muku wurin, don ba irin bargar da kuka sani ba ce. A nan arewacin Ingila, wanda yake da doki ba shi da fili sai ya kama masa haya, kamar yadda ɗalibi ke kama ɗaki. Kowane doki da ɗakinsa, ƙyauren rabi biyu ne, a rufe na ƙasa a bar na sama ya riƙa leƙowa. Akwai hayar da za ka yi komai da hannunka, akwai wadda ma'aikata ke yi maka komai, kai dai ka zo ka hau. Filin kiwo kuma an kewaye shi da shingen katako, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Ƙa'idar da gwamnati ta fitar ta ce mita 1.08 zuwa 1.38 ga doki, kuma ba a son waya mai ƙaya. A cikin filin an yayyanka wa kowa rabonsa da wani farin kirtani mai faɗi kamar zariyar wando, an saƙa siraran wayoyi a jikinsa, an rataye shi a kan sandunan roba. Can gefe ga batir irin na mota a cikin akwati, yana ta ƙas, ƙas, ƙas, duk daƙiƙa yana tura wuta. Doki ya sa hanci sau ɗaya ta fizge shi, shi ke nan ya koyi karatu.

Sai dai da hunturu dawakinsu riga ake sa musu, mai kauri, tun daga wuya har gindin wutsiya, ruwa ba ya ratsa ta. Wuta ma ba ta ratsa ta. Ga batirin ya yi sanyi ban duba ba. Ɓangaren dokina ya zama taɓo tsamo-tsamo, tsallaken kirtani kuwa ciyawa kore shar. Sai ya sa ƙirji ya tura, sanduna suka kwanta. Akwai kuma hanyar ƙafa ta jama'a da ta ratsa filin, wadda doka ta ba kowa damar bi, kuma wani mai yawo da kare ya wuce bai ja sakatar ƙofar waje ba.

Na tarar da shi yana kiwonsa a gefen kwalta hankali kwance, wani direban babbar mota ya kunna fitilun gargaɗi yana riƙe da wuyan rigarsa. Ba abin da ya faru, alhamdu lillahi.

Faɗan da matar ta yi mini na cancance shi, ban musa ba. Ta tuna mini dokar dabbobi ta 1971, da wata shari'a da duk mai barga a ƙasar nan ya haddace: a 1996 wasu dawaki uku suka firgita da dare a yankin Debon, suka ture shingen wuta da na katako, ɗaya ya yi karo da mota a babban titi. A 2003 kotun ƙoli ta lokacin ta ce masu dawakin za su biya, ko da ba a same su da sakaci ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to a nan ko ba kai ka ja ba, in dai tsuntsunka ne.

Don in sassauta zancen sai na ce, da a gidanmu ne da yana turke, da duk wannan bai taso ba. Ta tambaye ni mene ne haka, na yi mata bayani. Fuskarta ta canja kamar na ce muna cin naman jarirai. Ta ce, "Wannan ai zalunci ne. In na ga irinsa a nan, ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA zan kira."

Makonni ke nan maganar na ci na. Zalunci. Wato mahaifina azzalumi ne, mutumin da ba ya karya kumallo sai ya ga akawalinsa ya ci dawa ya sha kanwa?

Da farko dai, ɗaure doki a turke ba haramun ba ne a dokar Ingila, ƙa'idar cewa ta yi bai dace a daɗe ana yi ba. Waɗanda aka san su da shi a nan su ne Jifsi, makiyayan da ke taruwa a kasuwar dawaki ta Afulbi duk watan Yuni, kuma kowa ya san irin kallon da ake musu. Ina zargin rabin yatsinar da ta yi ba ta tausayin doki ba ce, ta ƙyamar masu turken ce, ni kuma na jefa kaina cikinsu da bakina.

Sannan akwai abin da ba sa faɗa. Dawakin bargar nan mazansu duk an dandaƙe su, saura kuma goɗiyoyi ne. Shi ya sa zare ke tsare su. Akasarin bargunan haya ma ba sa karɓar ingarma ko nawa za ka biya. Mu kuwa ingarma muke hawa. A saki ingarmun hakimi guda shida a fili ɗaya a kewaye su da zariyar wando, a dawo bayan sa'a guda a ƙirga kunnuwa. Sun fara cire wa dokin abin da zai sa shi tawaye, sannan suka sake shi suna alfahari da 'yancin da suka ba shi. Ban da haka, ƙasarsu ruwa ne shekara zagaye, ciyawa ba ta yankewa. A wace gona za ka saki doki da damina a ƙasar Katsina, gero na bunni? Da rani kuma me zai ci a filin? Harawa da ciyawar yanka su ne suka haifi turke, ba mugunta ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san dawakin da igiya ta cinye musu ƙafa har gashi ya daina fita. Na san waɗanda ke tsaye wuri ɗaya daga Sallah sai Sallah, ba kilisa, ranar hawa kuma a nemi su yi sukuwa a kan kwalta. Kuma ranar da na fara ganin dokin nan an cire masa ragama ya zuba da gudu ba kowa a bayansa, ya dawo ya yi birgima cikin laka, na tsaya na daɗe ina kallo. Akawalin Baba bai taɓa samun wannan ba.

Amma akawalin Baba bai taɓa kwana shi kaɗai a duhun daji an bar amanarsa a hannun batir ba. Turkensa na ƙofar zaure. Mai zuwa masallaci zai wuce shi sau biyar, almajirai na zaune kusa da shi, mai tallan fura ta san shi. In ya ƙi cin abinci da hantsi, kafin azahar unguwa ta sani. A nan ana leƙa doki safe da yamma, a tsakani kuwa ko ciwon ciki ya kayar da shi sai dai tsuntsaye su gani. Kuma ba dokin kaɗai ba. Shekarata bakwai a gidan da nake, tsakanina da maƙwabcina shingen katako ne da ya fi ni tsayi, muryarsa na sani, da ƙarar injin yankan ciyawarsa.

Daren ranar na kira Yaya a gida na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari a kan rigar sanyin doki. Sai na ce ya ɗauko mini hoton turken, ina so in nuna wa matar irin inuwar da ke wurin, da yashin da ake zubawa, ta ga da idonta.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wane turke? Ai tun rabon gado aka tumɓuke shi. Shago aka yi a wurin, wani yaro ke cajin waya."

Na ce ba wanda ya faɗa mini. Ya ce ban tambaya ba.

Washegari na sayi ɗan na'urar gwada wuta da batir na biyu. Yanzu kowace yamma sai na zagaye kirtanin nan sanda bayan sanda kafin in tafi, fitila a goshina.