Rankin ba shi zai zaɓa wa ɗanka makaranta ba

Duk sanda Times Higher Education ko QS suka saki rankin, wato jerin jami'o'in duniya, sai gurup-gurup na WhatsApp a Sakkwato su ɗauki zafi, wannan ya turo hoto wai Covenant da Ibadan da Legas sun sake yin gaba, wancan ya ce ai BUK ma ga ta nan, to Ɗanfodiyo ta nawa ta zo? A kwana biyu ana musu, amma da wuya ka ji wanda ya tambaya da wane ma'auni aka yi awon.

Kuma nan maganar take. Jerin Shanghai da aka fara a 2003 masu kyautar Nobel yake ƙirgawa da takardun da suka fito a mujallun Nature da Science. QS kaso mafi tsoka na makinta ra'ayin malaman jami'o'i ne, wato wa ya san sunanka. Webometrics na Sifaniya kuwa ya fi duba yadda ake ganin jami'a a intanet. Fisabilillahi Jami'ar Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975 za a ɗora ta sikeli ɗaya da Oxford mai shekaru sama da 800?

Ga malami nan ya ƙarar da idonsa kan rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello da Nana Asma'u, takarda ta tsufa gara ta ci gefenta, yana gwada kwafi da kwafi don ya tabbatar da baiti ɗaya, ya gama ya buga da Larabci ko Hausa a mujallar sashe. Aiki ne da ba ko'ina za a iya yin shi kamar nan ba, amma in mujallar ba ta cikin Scopus, rumbun da Times ke ɗebo alƙalumanta, to a lissafinsu kamar bai yi komai ba. Ko a Turai ma akwai masu ƙorafi, Jami'ar Utrecht ta Holan a 2023 ta daina ba Times bayananta gaba ɗaya.

Sai dai ban tare da masu cewa duk makircin Turawa ne. Wannan fakewa da guzuma ne a harbi karsana. Binciken kemistiri da likitanci da aikin gona ai da Turanci muke rubuta shi, in ba a ganin shi a manyan mujallu ba Larabci ya hana ba, rashin wuta ne da lab da babu kayan aiki da yajin aiki irin na ASUU na 2022 da ya ci wata takwas. A nan rankin na da amfani ƙwarai, yana tilasta shugabannin jami'a su fito da lissafi, ɗalibai nawa ke kan malami ɗaya, takardu nawa aka buga. Matsalar kawai in aka mai da shi abin bauta sai a koma biyan kuɗi ga mujallun bogi da ka-ambace-ni-in-ambace-ka a takardun bincike.

Uban da ɗiyarsa za ta cike JAMB kuma, Alhaji, lambar da jami'a ta samu a duniya ba ta gaya maka komai kan kwas ɗin da yarinyar za ta karanta. Jami'a na iya yin fice a likitan dabbobi sashen injiniyanta kuma yana rarrafe. Ka bincika ko NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta ba kwas ɗin cikakkiyar amincewa ko ta wucin gadi ce. In likitanci ne, gurbi nawa MDCN, hukumar kula da aikin likitoci, ta ba su, ɗalibai nawa suka ɗiba? In lauya ne, ana tafiya makarantar horon lauyoyi kan lokaci ko sai an bi layi? Sannan ka samu ɗan aji uku ka tambaye shi ko akwai ruwa a hostel cikin watan Afrilu, da kuma wata nawa sakamakon jarabawa ke yi kafin ya fito.